Daga Atina Zuwa Zazzau: Tunanin Yunanawa a Zaure da Aji

Tunanin mutanen Girka na dā, waɗanda littattafan Larabci ke kira Yunanawa, game da yadda ake koyar da ɗan Adam ya shigo ƙasar Hausa har sau biyu, kuma ta ƙofofi daban-daban. Shigowar farko ta Hamada ce, a bayan raƙuma, cikin gafakar malamai, da harshen Larabci. Ta biyu ta bakin teku ce, ta biyo layin dogo, da harshen Ingilishi. Tsakanin shigowar biyu akwai fiye da shekara 400. Shi ya sa mutum ukun da wannan tarihi ya rataya a wuyansu suke da suna bibbiyu a Zariya. Malamin zaure a cikin birni ya san su da Suƙuraɗu da Aflaɗun da Arisɗo, ɗalibin jami'a a Samaru kuwa ya san su da Socrates da Plato da Aristotle, kuma ba kasafai ɗaya ke lura cewa maganar mutane ɗaya suke yi ba.

A birnin Atina na ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), karatu nauyin uba ne, ba na hukuma ba. Yaro namiji idan ya kai shekara 7 sai a haɗa shi da wani bawan gida ya riƙa raka shi wurin malamai uku: mai koyar da karatu da rubutu, mai koyar da kiɗa, da mai koyar da kokawa da motsa jiki. Yana haddace waƙoƙin Homer, mawaƙinsu na dā, don a cikinsu ake nuna masa jarumta da kyawun hali. 'Ya'ya mata suna gida, bayi kuwa ba a lissafa su. A Sparta abin ya sha bamban, domin can hukuma ce ke karɓe yaro daga hannun iyaye yana ɗan shekara 7, ta horar da shi don yaƙi. Ana cikin haka sai wasu malamai masu yawo gari-gari suka ɓullo, irin su Protagoras, suna karɓar kuɗi masu kauri suna koya wa 'ya'yan masu hali iya magana da cin gardama a majalisa da kotu.

Suƙuraɗu ya tashi a tsakiyar wannan kasuwa ta ilimi, amma bai buɗe makaranta ba, bai karɓi ko anini ba, bai kuma bar littafi ko ɗaya ba. Aikinsa tambaya. Yakan tare wanda ake ganin ya san abu, ya ce masa ya bayyana mene ne adalci ko jarumta, sa'an nan ya yi ta bin amsar da tambayoyi har mai amsar ya ga ya ci karo da kansa. Almajirinsa Aflaɗun ya ba da labarin yadda ya gwada wannan hanya a kan wani yaro bawa wanda bai taɓa karanta lissafi ba. Ya zana murabba'i a ƙasa, kowane gefe ƙafa 2, faɗin cikinsa 4, ya ce wa yaron ya nemo murabba'in da ya ninka wannan. Yaron ya ce a ninka gefen ya zama 4. Aka ƙirga, sai ga 16, alhali 8 ake nema. Ya ce to a gwada 3. Aka ƙirga, sai ga 9. Nan yaron ya ce shi kam bai sani ba, Suƙuraɗu kuwa ya nuna wa mai gidan yaron cewa yanzu ne ya fi kusa da sani, tun da dā yana zaton ya sani. Da aka ci gaba da tambaya, yaron da kansa ya gane cewa layin da ya ratsa murabba'in daga kusurwa zuwa kusurwa shi ne gefen da ake nema. Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata, amma a nan malami ne matambayin. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Atina suka gurfanar da Suƙuraɗu bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa da ƙin allolin gari, suka yanke masa hukuncin shan guba yana da shekara wajen 70.

Wannan kisa ya tsaya wa Aflaɗun a rai. Wajen shekara ta 387 kafin haihuwar Annabi Isa ya kafa makarantarsa a wata dausayi da ke bayan gari mai suna Akademiya, kuma a littafinsa na Jamhuriya ya tsara yadda gari zai reni shugabannin da ba za su sake irin wannan ɓarna ba. A tsarin nasa, yaro yana farawa da kiɗa da labarai da motsa jiki, kuma hukuma na tace labaran da ake ba shi. Kusa da shekara 20 sai horon soja. Waɗanda aka zaɓa su yi shekara 10 a kan lissafi da ilimin awo da na taurari, sa'an nan a sake tankaɗe, waɗanda suka rage su yi shekara 5 suna koyon jayayya da hujja. Bayan nan su sauko su yi wa gari aiki shekara 15. Sai mutum ya kai 50 ake damƙa masa mulki. Ya yarda mata su bi wannan tsari daidai da maza, abin da mutanen zamaninsa suka ɗauka wauta. A ganinsa koyarwa ba ɗura ba ce, kamar yadda ake ɗura ruwa a tulu. Ya kwatanta jahili da wanda aka ɗaure cikin kogo yana kallon inuwa a bango yana zaton ita ce gaskiya. Idonsa lafiya lau, abin da yake bukata shi ne a juyo da shi wajen haske.

Arisɗo ya yi shekara 20 a Akademiya, ya koyar da Iskandar ɗan sarkin Makidoniya, sa'an nan a shekara ta 335 ya buɗe tasa makarantar a Likiyon. Ya fi malaminsa sauka ƙasa. Ya yarda da ido da kunne, ya tattara dabbobi da kifaye ya duba cikinsu, ya tattara tsarin mulkin garuruwa ya gwama. Game da tarbiyya ya ce hali da sabo ake samunsa: kamar yadda magini ke zama magini ta hanyar gini, haka mai adalci ke zama mai adalci ta hanyar aikata adalci, don haka tun ƙuruciya ake farawa. Wanda ya san karin maganar icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ya kuma ce karatun yara hakki ne a kan hukuma, kuma ya zama iri ɗaya ga 'ya'yan gari duka. Sai dai 'ya'yan gari a bakinsa maza ne 'yantattu. Ya ɗauki wasu mutane bayi ne tun a halitta, ya kuma raina sana'ar hannu da ake yi don lada. Kalmar Yunananci da ta haifi sunan makaranta a harsunan Turai ma'anarta ta asali hutu ce, wato lokacin wanda wani ke yi masa noma. Babban gadon da ya bari shi ne mantiƙi, ƙa'idojin da ake auna hujja da su a gane sahihiya da gurguwa.

Mantiƙin ne ya fara kama hanyar Afirka ta Yamma, amma sai da ya yada zango a Bagadaza. A zamanin Abbasiyawa, musamman halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, an fassara littattafan Yunanawa zuwa Larabci, kuma fitattun masu fassarar, kamar Hunainu ɗan Ishaƙa wanda ya rasu a 873, Kiristoci ne. Malaman falsafa na Musulmi suka laƙaba wa Arisɗo Malami na Farko, Farabi kuma Malami na Biyu. Miskawaihi ya ɗauki maganar hali da sabo ya gina littafinsa na gyaran ɗabi'u a kanta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ya raba gardamar da ta fi shafar ƙasar Hausa. Ya yi wa masu falsafa kaca-kaca a kan mas'alolin da suka saɓa wa aƙida, amma ya ware mantiƙi ya ce wannan ma'auni ne kawai, ba ruwansa da addinin wanda ya ƙera shi, har ya sanya shi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙihu, Almustasfa. Ba kowa ya yarda ba. Ibnu Salah da Imam Nawawi sun haramta shi. Duk da haka hukuncin Gazali ne ya yi rinjaye a makarantun Magrib, kuma daga can malaman wannan yanki suka sha.

Wanda tarihi ya fi dangantawa da kawo wannan fanni shi ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, wanda ya zauna a Kano da Katsina wajen 1492, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. An fi saninsa da littafin da ya rubuta kan wajiban sarakuna, amma yana da waƙe a kan mantiƙi mai suna Minahul Wahhab. A lokacin nan kuma Imam Suyuɗi na Masar, wanda shi ma ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, yana kan bakansa cewa mantiƙi haramun ne. Malaman biyu suka yi musayar baitoci. Hujjar Magili ita ce gaskiya ba ta ɓaci don bakin da ta fito, kuma mantiƙi ba kome ba ne face tsara magana don a kai ga daidai. Suyuɗi ya mayar da martani cikin girmamawa, bai janye ba. Ahmadu Baba na Tambutu ne ya adana wannan labari, kuma ya ambaci cewa shi kansa ya karanta waƙen Magili a gaban malaminsa Muhammadu Bagayogo. Ke nan tun kafin Turawa su san hanyar Kwara, ana muhawara a kan gadon Arisɗo a tsakanin malaman da ƙasar Hausa ke sauraro.

Littattafan da suka zauna daram a zaure ƙanana ne. Akwai Isaguji na Abhari, malamin ƙarni na 13, wanda sunansa kansa Yunananci ne, ma'anarsa gabatarwa, an aro shi daga littafin Porphyry na ƙarni na 3. Akwai kuma Sullamu, waƙen da bai kai baiti 150 ba, wanda wani saurayi ɗan shekara 21 daga ƙasar Aljeriya ta yau ya tsara a shekarar Hijira ta 941, wato wajen 1535. Sunan saurayin Abdurrahman Al'akhdari. Wannan suna babu almajirin da bai san shi ba, domin shi ne mai Ahalari, littafin tsarki da salla da ake fara buɗa wa yaro kafin Ishmawi da Iziyya da Risala. Hannun da ya koya wa Bahaushe farillan alwala shi ne ya miƙo masa ƙiyasin Arisɗo. Haka kuma Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ta buɗe ne da rarraba hukuncin hankali gida uku, wajibi da mustahili da ja'izi, sa'an nan ta kafa wa siffofin Ubangiji hujja ɗaya bayan ɗaya. Aƙidar ta Alƙur'ani da Sunna ce, amma yadda aka jera hujjojin aikin masu mantiƙi ne, kuma Sanusi kansa yana da Muhtasar a fannin.

Malaman ƙasar nan ba karɓa kawai suka yi ba. Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya shahara a lissafi ya rasu a Alƙahira a 1741, ya tsara waƙe a kan mantiƙi. Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, ya rubuta littattafai a kan mas'alolin falsafa a Salame, ya rasu a 1864. Shi kuwa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ja wa abin linzami inda ya ga ya wuce gona da iri. A zamaninsa an sami ɗaliban ilimin kalam masu kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi a tsarin malamai ba, ya kuwa rubuta littattafai da dama yana rushe wannan ra'ayi. Matsayinsa a fili yake: mantiƙi kayan aikin malami ne, ba sharaɗin imanin manomi ba. Kiransa a kan karantar da mata, da aikin 'yantaru na Nana Asma'u, daga Sunna suka samo tushe, ba su da alaƙa da Atina.

Zariya ta yi suna a nahawu da lugga, har ɗalibai kan baro garuruwansu su zo unguwannin malamai irin su Juma da Kona su yi shekaru. A irin wannan zaure mantiƙi ba karatun farko ba ne, sai wanda ya yi nisa a fiƙihu da nahawu yake kai wa gare shi. Malam na zaune a kan buzu, littattafai jibge a gefensa, ɗalibai sun kewaye shi kowa da nasa. Wanda layi ya zo kansa ya gurfana ya ja baƙi, malam na fassarawa kalma-kalma, ɗalibi na amsawa da na'am. Idan aka zo babin ƙiyasi sai malam ya kawo misalin da aka gada: duniya mai canzawa ce, duk mai canzawa kuwa fararre ne, saboda haka duniya fararriya ce. Ya nuna wace ce ƙaramar gabatarwa, wace ce babba, wace kalma ce ta tsakiya da ta ɗaure su ta kuma ɓace a natija. Wannan siffa ta farko ce a ƙiyasin Arisɗo, ba a rage mata kome ba, ga ta kuma ana kare tauhidi da ita da Hausar Zazzau. Alƙalamin da ɗalibin ke rubuta jurumi da shi a gefen shafi, da ƙamus ɗin da malam ke dubawa, sunayensu ma daga Yunananci suka shiga Larabci kafin su iso Hausa.

Ƙofa ta biyu ta buɗe bayan Turawa sun ci Zariya a 1902. Layin dogo ya iso wajen 1911, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, unguwanni irin su Muciya suka bunƙasa a kewayensa. Likita Miller na mishan ya zauna cikin birni tun 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. A Turai tunanin Yunanawa ya riga ya zama ƙashin bayan karatu, bayan ya shiga jami'o'in Faris da Oxford a ƙarni na 13, wani ɓangarensa ta hanyar sharhin Ibnu Rushdi na Andalus. Yawancin jami'an mulkin Arewa daga Oxford da Cambridge aka ɗebo su, inda ake renon masu mulki da littattafan Aflaɗun da Arisɗo. Ba mamaki makarantar da suka fi ji da ita ta yi kama da tsarin Jamhuriya. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, 'yan ƙalilan take ɗauka, a ware su a makarantar kwana, a haɗa musu karatu da wasanni irin su kurket da ƙwallon bango, a dage a kan hali da ladabi. Ta koma Kaduna a 1938, aka mayar da ita Zariya a 1949, ta zama Kwalejin Barewa. Ta fitar da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed. Ta cika burin renon shugabanni, amma ta gaji aibin tsarin: an ilimantar da tsiraru an bar jama'a, kuma Arewa ta shiga 'yancin kai da ƙarancin ma'aikata mai tsanani.

Samaru ta ɗauki wata hanya. Tun 1922 tashar binciken aikin gona ce, inda ake gwada irin auduga da gyaɗa da dawa. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962, an gina ta ne a kan wannan tasha da Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo, tare da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano mai kula da Larabci da addini. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen Latin da Yunananci tun 1948, Zariya kuwa ta ba noma da injiniya da mulki ƙarfi. Ta ɗauki dabarar Arisɗo ta dubawa da rarrabewa, ta yar da raininsa ga aikin hannu, kuma ta yi daidai. Sunayen dai suna nan: wanda ya yi digirin digirgir a kan cutar dawa ko kiwon kaji, dakta a falsafa ake rubuta masa, kamar yadda a Maraɗi da Damagaram ake kiran babbar sakandare lise, daga Likiyon.

Gadon Suƙuraɗu ne ya fi wuyar zama. A shekarun 1970 da 1980 Samaru ta zama dandalin gardama, inda malamai irin su Yusufu Bala Usman suka koya wa ɗalibai tuhumar kowace hujja, ta Bature ce ko ta basarake. Bayan rikicin watan Mayun 1986, wanda aka rasa rayukan ɗalibai a cikinsa, kwamitin Janar Abisoye ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba shi ake biyansu su koyar ba, kuma a 1988 gwamnatin soja ta fitar da Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa, daga ƙasar. Zargin bai yi nisa da wanda aka karanta a kotun Atina ba.

A yau yaron Muciya yana bin hanyoyin biyu a yini ɗaya: firamare da safe, Islamiyya ko makarantar allo da yamma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ɗora wa hukuma karatun shekara 9 kyauta kuma dole, ra'ayin Arisɗo ne da aka faɗaɗa ya haɗa da mata da 'ya'yan talakawa. Malamin da ke koyar da yaron, idan ya bi ta kwalejin horon malamai ko Tsangayar Ilimi ta jami'a, ya yi kwas a falsafar ilimi, ya rubuta jarrabawa a kan kogon Aflaɗun da hanyar tambaya. Amma a aji mai cunkoso, ga jarrabawa na jira, abin da ya fi sauƙi shi ne ya rubuta a allo yara su kwafa su haddace. Littattafan da aka karantar da shi kuma sukan tashi daga Atina su faɗa Turai wurin Rousseau da John Dewey na Amurka, su ware ilimin Musulunci a wani babi dabam kamar ba su taɓa haɗa hanya ba. Wannan giɓi ne a manhajar horon malamai, domin Bagadaza da Tilimsan da Katsina suna cikin isnadin, kuma Sashen Larabci da Tsangayar Ilimi a harabar jami'a ɗaya suke a Samaru.